Zaɓen tsirkiyar filat mai kaifin sauti don gajeren bes

Jitar bes da ake kira gajeren bes ita ce wadda tazarar da ke tsakanin matashin wuyanta (ɗan abin nan mai ramuka da tsirkiyoyi suke kwanciya a kai a saman wuya) da jakinta (inda suke hawa a kan gangar jiki) take inci 30 ko kusa da haka, maimakon inci 34 na bes ɗin da aka saba gani. Fender Mustang da ya fito a 1966, da Musicmaster, da Squier Bronco, da Höfner 500/1 duk inci 30 ne, Gibson EB-0 da EB-3 kuwa 30 da rabi. Irin wannan bes muryarsa mai kauri ce tun asali. Tsirkiyar filat, wato wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe aka goge ta yi sumul, ita ma muryarta mai kauri ce. In aka haɗa su ba da lissafi ba, sai a sami bes mai yin dum-dum, wanda ake jin sa a ƙirji amma ba a rarrabe sautin da ya buga, musamman a kan tsirkiyar E, mafi kauri cikin huɗun (E, A, D, G). Mai son sulɓin filat a ƙarƙashin yatsa, ba ƙarar gogar yatsa ba cin ƙarfen wuya, kuma yana son kowane sauti ya fito garau a cikin taron kayan kiɗa, zai iya samu. Amma sai ya san inda kaifin yake fitowa da inda yake zurarewa.

Dalilin dushewar iri biyu ne. Na farko daga tsawon bes ɗin yake. In ka ɗauki tsirkiya ɗaya ka ɗaure ta a sauti ɗaya, ƙarfin jan da take yi yana bin tsawonta ne ninki a kan ninki: 30 sau 30 ya ba da 900, 34 sau 34 ya ba da 1156. Ke nan a gajeren bes jan ya ragu da kusan kashi 22 cikin 100. Shi ya sa tsirkiyar take saki a hannu. Ga shi kuma kaurinta bai ragu ba sai tsawonta, don haka ba ta lanƙwasuwa da sauƙi a ƙananan karkarwar da ke haifar da siraran amo na sama. Waɗannan siraran amo su ne kunne yake kamawa ya gane sauti. E a buɗe, wato ba a danne ta ba, tana kaɗawa sau 41 ne kawai a daƙiƙa, ƙananan lasifikoki da yawa ma ba sa iya fitar da wannan. Abin da ake ji a zahiri amon da ke bisa ne. Dalili na biyu daga naɗin yake. A tsirkiya mai zagayayyen naɗi, kowane zagaye gefensa kawai yake taɓa na kusa da shi. A filat kuwa zagayen sun manne da juna fuska da fuska, suna gugar juna in tsirkiya ta motsa, wannan gugar ita take shanye siraran amon da wuri.

Kafin maganar kamfani, a yi awo

Nan ne aka fi yin asara, don haka nan za a fara. Abin da aka rubuta a kwali cewa tsirkiyar ta gajeren bes ce bai isa ba, domin kowane kamfani da nasa awon. Abin da kake bukata shi ne tsawon naɗin, daga zoben gindi, wato ɗan zoben da ke riƙe tsirkiya a jaki, zuwa inda tsirkiya ta fara sirancewa ko inda zaren silikin da ya lulluɓe bakinta ya fara.

Tun tsohuwar E tana kan bes, ka sa alƙalamin maka ka yi alama a jikinta daidai inda ta haye matashin wuya. Ka yi alama ta biyu inda ta fara taɓa sandar kunnen ɗaurewa, wato sandar da take naɗuwa a kai. Sai ka kwance ta, ka miƙe ta a kan tebur, ka auna daga zoben gindi zuwa kowace alama. Dole naɗin sabuwar tsirkiya ya ƙare a tsakanin alamun nan biyu. In ya gaza ta farko, zaren siliki zai kwanta a cikin ramin matashi ko ma ya shigo kan wuya, sautin buɗe ya mutu, tsirkiyar kuma ta nutse ta riƙa gugar firet na farko, wato na farko cikin ƙarafan da ke gicciye a kan wuya. In ya wuce ta biyu, kaurin tsirkiyar gaba ɗaya zai naɗu a kan sandar kunne. Mai zagayayyen naɗi takan jure wannan, filat ba ta jurewa: shimfiɗaɗɗen ƙarfen yana buɗewa a lanƙwasar, ya rabu da wayar ciki, wani lokaci wayar cikin ma ta tsinke. E kawai ake aunawa da irin wannan kulawa saboda kunnenta ne ya fi kusa da matashi a yawancin bes, tazararta ce ta fi ƙanƙanta.

Bes ɗin da ake saƙala tsirkiya a bayan jakinsa, kamar Bronco da Musicmaster, yakan bukaci naɗin inci 31 zuwa 32. D'Addario, alal misali, naɗin gajeriyar tsirkiyarsu inci 32 ne, matsakaiciya kuma 34. Mustang na asali ta cikin gangar jiki ake zura tsirkiya daga baya, wannan hanyar tana cin kusan inci biyu, don haka matsakaiciya yake so duk da cewa shi gajere ne. Höfner ma haka, domin maƙalin tsirkiyarsa yana can nesa a bayan jaki, ga kunnuwansa ƙanana masu siririn rami, sai tsirkiyar da bakinta ya sirance sosai take shiga. Akwai kuma matsalar da ke tattare da zurawa ta cikin gangar jiki: tsirkiya tana yin lanƙwasa mai tsini inda ta fito ta hau sirdi, wato ɗan ƙarfen jaki da take kwanciya a kai, kuma wasu filat ɗin suna buɗewa a wurin. La Bella har ta ware wa Mustang tasa daban, 760F-MUS, saboda wannan. In jakinka yana ba da zaɓi biyu, ka saƙala ta sama.

Masu Gibson da Epiphone mai jaki mai ƙafa uku su duba gindin tsirkiyar ma. A wannan jakin zoben gindi yana kusa da sirdi ƙwarai, sai zaren silikin da ke gindi ya hau kan sirdin. Tsirkiyar da ta kwanta a kan zare ba za ta yi kaifi ba, ko da wane ƙarfe aka yi ta. A nemi mai gajeren zare a gindi ko marar zare, ko a sa ɗan zoben ƙarfe a gaban zoben gindi ya ja tsirkiyar baya.

Ƙarfen naɗi

Ba duk filat ce ɗaya ba, tazarar da ke tsakanin mafi duhu da mafi kaifi babba ce. La Bella Deep Talkin' Bass, da GHS Precision Flats, da Pyramid Gold ta Jamus tsirkiyoyi ne masu kyau ƙwarai, amma an yi su ne don tsohon sautin nan mai nauyi mai saurin mutuwa, irin wanda makaɗin bes James Jamerson ya yi suna da shi a kamfanin waƙa na Motown. In kaifi kake nema, ba nan ba ne.

D'Addario Chromes ita ce wadda aka fi farawa da ita, kuma da dalili. Naɗinta na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, wayar cikinta mai kusurwa shida. Ta gajeren bes lambarta ECB81S, matsakaiciya ECB81M, duka 45, 65, 80, 100. Sabuwa tana da ƙarar ƙarfe sosai, bayan 'yan makonni sai ƙarar ta lafa ta bar sauti mai faɗi da baki mai tsini. Tana da tauri a hannu, wanda a dogon bes wasu suke kuka da shi, a gajere kuwa alheri ne domin shi yake cike sakin da tsawon ya jawo.

Ernie Ball Slinky Flatwound, wadda aka naɗe da haɗin kobal da ƙarfe, ita ce filat ɗin da ta fi kusa da sautin zagayayyen naɗi. Kobal yana amsa maganaɗisun fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai amfilifaya, da ƙarfi, don haka sautin yana fitowa da ƙarfi da gurnani a tsakiya, kuma ta fi Chromes laushi a hannu. Sai dai haɗin nan ba kamar ƙarfe marar tsatsa ba ne. Mai gumin hannu ya riƙa goge ta bayan kowane kiɗa. Ka tabbata ta gajeren bes ka ɗauka, domin doguwar ta fi yawa a kasuwa.

Rotosound Jazz Bass 77 ta Ingila da monel aka naɗe ta, wato haɗin nikel da jan ƙarfe. Gajeriyar RS77S ce, matsakaiciyar RS77M, daga 40 zuwa 90. Kaifinta na tsakiyar sama ne, mai cizo, ya dace da mai kiɗa da fik (ɗan robar kaɗa tsirkiya) ko mai yatsa mai nauyi. Steve Harris, makaɗin bes na ƙungiyar Iron Maiden, da filat ɗin Rotosound yake samun ƙarar ƙarfen nan da aka san shi da ita, amma a lura, yana sauya tsirkiya akai-akai ne tun ba ta lafa ba. Wanda zai bar ta wata shida a kan bes ba wannan sautin zai samu ba. Jikinta kuma ba ya kai na sauran santsi, akwai ɗan kamu a yatsa.

Thomastik-Infeld Jazz Flats ta birnin Biyana na Ostiriya dabam take. JF324 ce ta gajere da matsakaicin bes, 43, 56, 70, 106. Nikel ce, wayar cikinta zagayayyiya, da siliki a tsakanin wayar da naɗi. Ba ta da ƙyallin sama irin na Chromes, amma tana lanƙwasuwa ƙwarai, kuma tsirkiyar da ke lanƙwasuwa tana riƙe amon tsakiya ta daɗe tana waƙa. A cikin taron kayan kiɗa takan fito fili fiye da wadda ta fi ta ƙyalli. Matsalarta a inci 30 laushi ne: mai bugawa da ƙarfi zai ji A da D suna dukan firet. Mai sassauƙan hannu ne zai ji daɗinta.

A ganina, wanda bai taɓa ɗaura filat a gajeren bes ba ya fara da Chromes, domin ita ce ta tsakiya wadda daga gare ta mutum zai gane ko ƙarin kaifi yake so ko ƙarin laushi. Wanda ya baro zagayayyen naɗi yana tsoron rasa gurnaninsa, ya nufi ta kobal kai tsaye. In kuma duk waɗannan ba su kai ba, to ba filat kake nema ba. Akwai na tsakani, waɗanda aka naɗe da zagayayyiyar waya sannan aka goge ko aka matse bayanta, kamar D'Addario Half Rounds da GHS Brite Flats da GHS Pressurewound. Sun fi kowace filat kaifi, amma sulɓin bai kai ba.

Kauri

Lambobin da ke kwali kashi ne cikin dubu na inci: 100 tana nufin milimita 2.54, 45 kuma kimanin 1.14. Abin da mutane suka saba yi in E ta saki shi ne su ƙara kauri, su tafi 110. Jan yana ƙaruwa, gaskiya ne, amma sandarewar tsirkiyar tana ƙaruwa fiye da jan, sai a sami E mai tauri a hannu wadda ta fi ta da dushewa, ga wuyar saiti a firet na sama. A inci 30, E tsakanin 95 da 105 ita ce ta fi ba da kaifi ba tare da ta yi lagwai-lagwai ba. 90 tana da haske sosai amma tana son hannu mai sauƙi. G kuwa 40 ko 45. 50 tana rufe muryar sama.

Lamba ɗaya ba ta nufin tauri ɗaya. Wayar ciki mai kusurwa shida tana cizon naɗi ta riƙe shi gam, tsirkiyar ta yi tauri. Zagayayyiya tana barin ta ta yi laushi. Shi ya sa E mai lamba 106 ta Thomastik ta fi mai lamba 100 ta Chromes laushi.

In sabuwar ta fi tsohuwar kauri, ka gwada ta a ramin matashi kafin ɗaurewa. Ta kwanta har ƙasan ramin ba tare da an danna ba. In ta tsaya a baki, sai an faɗaɗa ramin da zarton da aka yi don haka, a gefe kawai, ba a ƙasa ba. Tilasta ta yana fasa matashi, galibi a gefen E.

Ɗaurawa

Tsirkiya mai kyau takan mutu tun ranar ɗaurawa, a kuma ɗora wa kamfani laifi. Da farko ka jiƙa tsumma da sifirit ka goge kowace daga gindi zuwa baki har tsumman ya daina baƙi; wannan ragowar mai da ƙurar gogewa ce daga masana'anta, ita take sa sabuwar filat danƙo. Ka sauya ɗaya bayan ɗaya. A Höfner jakin katako ne da ba a kafe ba, nauyin tsirkiya ne kawai yake riƙe shi, in ka kwance duka huɗun zai goce. Jakin Gibson mai ƙafa uku ma yakan zame ya faɗo.

Ka miƙe tsirkiya ta wuce kunnenta da santimita 7 zuwa 10 in sandar kunnen mai kauri ce, abin da zai ba da zagaye biyu zuwa uku. Kafin ka yanke, ka lanƙwasa ta da filaya lanƙwasa mai tsini, sannan ka yanke a bayan lanƙwasar. Ga mai zagayayyiyar wayar ciki wannan wajibi ne, domin in ka yanke a miƙe naɗin yana iya saki daga wayar, kuma tsirkiyar da naɗinta ya saki ba ta da gyara. A wurin siliki kawai ake yankewa, ba a cikin naɗi ba. Da kunne ake naɗewa, ba a zagaya tsirkiya da hannu a kan sanda ba, domin kowane zagayen hannu yana murɗe ta, murɗaɗɗiyar tsirkiya kuwa tana yin wani amo biyu-biyu mai rawa. Kafin ta ɗame, ka saki zoben gindi ya juya yadda yake so. Zagayen su gangara ƙasa, don tsirkiya ta danne matashi da kyau.

Bayan ta kai sautinta, ka sa babban yatsa ka danna ta da ƙarfi a gaban sirdi kaɗan, haka ma a gaban matashi. Filat mai tauri ba ta karyewa a kan sirdi da kanta, baka take yi, sai wurin da karkarwarta ta tsaya ya zama ba takamaimai ba. Dannawar nan ta daƙiƙa biyu tana sauya sautin E fiye da yadda ake zato. Kada ka fizge ta da ƙarfi da sunan miƙarwa. Ja kaɗan a hankali, ka sake saitawa, sau biyu ko uku.

Saitin bes bayan sauyi

Filat takan fi zagayayyen naɗi mai lamba ɗaya ja, don haka wuya zai ɗan rusuna gaba. Ka bar shi ya kwana. Washegari ka sa kafo, wato maƙalin da ke danne tsirkiyoyi, a firet na farko, ka danne E a firet na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na bakwai ko na takwas. Milimita 0.25 zuwa 0.35 ake so, kusan kaurin katin adireshi. In ta fi haka, ka ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya mai miƙar da shi, da alanki, wato makulli mai kusurwa shida, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, ka jira ka sake aunawa. In ta ƙi juyawa kada ka matsa mata.

Tsayin tsirkiya a firet na 12 ya zama kimanin milimita 2.5 a E, 2 a G. Filat tana yarda a sauke ta ƙasa da haka, kuma ɗan taɓa firet da take yi in an buga da ƙarfi yana daga cikin abin da kunne yake ji a matsayin kaifi. Sannan ka daidaita sirdi: ka kwatanta sautin buɗe da na firet na 12 a kan tiyuna, wato na'urar auna sauti, in na 12 ya hau sama ka ja sirdi baya, in ya gaza ka kawo shi gaba. E ta filat takan so baya sosai. A jaki mai sirdi biyu, inda tsirkiya biyu suke raba sirdi ɗaya, sai dai a raba kuskuren tsakaninsu.

Fikof ma a duba. Ka danne tsirkiya a firet na ƙarshe, tazarar ta zama kamar milimita 2.5 zuwa 3 a gefen E, 2 a gefen G. In ya matso fiye da kima, maganaɗisu yana jan tsirkiyar ya kashe ta da wuri, abin da ya fi faruwa a gajeren bes saboda sakin tsirkiyarsa. Sauke gefen E kaɗan yana rage kumburin ƙasa, sai siraran amon su sami fili.

Akwai iyakar da tsirkiya ba ta wucewa. EB-0 na da, mai ƙaton fikof manne da gindin wuya, zai yi duhu ko da me aka ɗaura masa, domin wurin da fikof ɗin yake da yawan wayar da aka naɗa masa su suke yanke sama. Tsofaffin bes masu soso a jaki, sai an cire soson. A bes marar batir, rage maɓallin ƙara ko da kaɗan yana rage kaifi, haka ma doguwar kebul. Mita uku ta fi mita tara haske. Sauya maɓallan ciki daga masu lamba 250k zuwa masu 500k yana buɗe sama kaɗan. A amfilifaya kuwa, kaifin filat ba a can ƙololuwa yake ba, domin babu abin kirki a wurin sai shuu. Yana tsakanin 800 da 2,500 ne na ma'aunin hez, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa. Ka ɗaga nan kaɗan, ka rage wajen 200 zuwa 300 inda gajeren bes yake taruwa ya yi gunji. Hannu ma yana da nasa: matso da yatsa santimita uku zuwa wajen jaki, ko ɗaukar fik, yana ƙara haske fiye da bambancin da ke tsakanin kamfanoni biyu.

Kada ka yanke wa filat hukunci a makon farko. Sabuwa tana da ƙara mai kaushi, G da D suna ƙyalli, E kamar ba 'yar gidansu ba. Bayan makonni uku zuwa shida na kiɗa a kai a kai sai huɗun su daidaita, kuma wannan muryar ce za ka zauna da ita shekara ɗaya ko fiye. Don haka in kana sauraron gwaji kafin saye, ka nemi na tsirkiyar da ta yi wata biyu a kan bes, ba wadda aka ɗaura ranar ba. Abin da yake cinye sauran kaifin bayan nan gumi ne da maiƙon hannu da suke shiga tsakanin naɗi. Wanke hannu kafin kiɗa, goge tsirkiya sama da ƙasa da busasshen tsumma bayan an gama, sifirit sau ɗaya a mako biyu. Kada a dafa filat a ruwa kamar yadda wasu suke yi wa zagayayyen naɗi; ruwan da ya shiga ƙarƙashin matsattsen naɗi ba ya fita da sauƙi, sai wayar ciki ta yi tsatsa.

In E ce kaɗai ta mutu sauran suna da rai tun ranar farko, kafin ka sayi wata ka bi waɗannan: ko siliki ya hau sirdi ko matashi, ko ta murɗe, ko ba a danne ta a sirdi ba, ko fikof ya matso ta. Ka sassauta ta gaba ɗaya, ka bar zoben ya warware, ka sake ɗaurewa ka danne. In har yanzu tana yin tuf ba amo, ko kana jin wani kas-kas daga cikinta ko da ba a jona bes da amfilifaya ba, naɗin ya rabu da wayar ciki, sai dai a sauya ta.